Gafakar Kaka Malam

Wata Litinin cikin damina, ina aji shida a Dosara, hedimasta ya tsaya a gindin darbejiya ya ce duk wanda bai kawo ranar haihuwarsa ba kafin Juma'a, ba za a sa sunansa a jarrabawar shiga sakandare ba. Na ruga gida ko tallan gyaɗar da ke jirana ban kalla ba. Inna tana surfe, ta ɗaga kai ta ce, "An haihe ki shekarar da hwara tac ci muna gero." Na fashe da kuka, don na san babu gurbin fara a takardar hedimasta.

Kakana, Kaka Malam, yana zaure yana fiƙe alƙalamin kara. Ya ce, "Amarya, mi ya hwaru? Kishi kika yi?" Da na gaya masa, sai ya sauko da wata gafaka da ba a taɓa barin mu taɓa ba, ya kwance igiyarta, ƙanshin tsohuwar fata ya cika zauren. A bayan wani littafin fiƙihu da ke cikinta akwai layuka na ajami, tawadar wasu ta koɗe ta yi ja. Haihuwa ce da rasuwa, kowace da ranarta da watanta da shekararta, tun daga rubutun kakansa. Ya bi da yatsa har ya tsaya a kan sunana. Ashe tun ina jinjira an ajiye mini wuri a cikin mutanen da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Wanga shi na tarihi. Kalmar Larabci ta, asalinta a sa ma abu ranatai kada shi ɓace." Ni da nake zaton tarihi sai yaƙe-yaƙen sarakuna da muke haddacewa a aji! Hedimasta ya juya ranar zuwa lissafin boko, na zauna jarrabawa, na wuce sakandare a Talata Mafara.

Yau waya ke tuna mini ranar haihuwar 'ya'yana, amma ina kewar wannan zaure. Kaka Malam ya rasu muna warwatse saboda 'yan bindiga. Har gobe iyayena suna gardama, Laraba ce ko Alhamis. Mutumin da ya rubuta mu duka bai sami mai rubuta shi ba.