Saƙon da Ya Kira Malam da Sunansa

Abdulhakeem mai wankin hula ne a Yakasai. A zauren surukinsa, Malam Sani, yake sana'ar, domin tun da ya auri Fatima dattijon ya ce masa ya zauna nan, ba sai ya nemi shago ba. Mutum ne mai kunya. Ko a bayan ido bai taɓa furta sunan surukin nasa ba, sai dai ya ce Baba.

Abin da ya dame shi a sana'ar shi ne masu zuwa karɓar hula tun ba ta bushe ba. Sai ya gano wani dandali a waya inda ake gina manhaja ba tare da rubuta yaren kwamfuta ba. Tubala ne masu launi, ka ja wannan da yatsa ka haɗa da wancan. Ya haɗa tubalin suna da na lambar waya, ya jona musu na aika saƙo. In hula ta bushe ya taɓa, mai ita ya sani. Kasuwa kuwa ta buɗe.

Ranar wata Juma'a ya wanke hular surukinsa, ya taɓa kamar yadda ya saba. Tubalin nan sunan farko kawai yake ɗauka. Malam Sani na zaune da abokansa a ƙofar masallaci, bai zo da tabarau ba, sai ya miƙa wa Alhaji Ilu wayar ya karanta masa. Alhaji Ilu ya ɗaga murya: "Sani, hularka ta bushe. Zo ka ɗauka."

"Daga wa?"

"Daga mijin 'yarka!" Majalisa ta kwashe da dariya.

Da labarin ya iso, Abdulhakeem ya rufe zauren. Ya yi kwanaki yana zagayawa ta lungun baya, yana jiran a ce ya kwashe kayansa. Gwaggo Asibi, yayar Malam, ita ta tare shi. "Kai, ɓuya za ta wanke maka baki? Ɗauki hular mu je."

Ya durƙusa a bakin ƙofar Malam, kansa a ƙasa. "Baba, wallahi ba ni ba ne, na'ura ce."

"Wa ya koya mata magana?"

Abdulhakeem ya miƙa masa hular da hannu biyu.

Malam ya juya hular, ya duba sitacin, ya ɗora a ka. "Je ka buɗe zauren. Amma ka koya wa 'yar na'urar taka gaisuwa."

Abdulhakeem ya ƙara tubali ɗaya a gaban na suna, mai tambayar yadda ake kiran mutum: Malam, Alhaji ko Baba. Lambar surukinsa kuwa ya cire ta gaba ɗaya. Har yau da hannu biyu yake kai masa hula. In ya hango Alhaji Ilu a hanya kuma, sai ya sauya lungu.