Kukan Ruwa a Kududdufin Bayan Ɗakina

Ni ba mai fita ba ce, duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Yerimaram ya san haka. In ka ga na yafa mayafi na tsallake zaure, to ko haihuwa aka yi, ko rasuwa, ko kuwa gwiwar nan ce ta matsa sai asibiti. Amma zaman gida bai hana ni sanin gari ba, don Allah ya ba ni kunne. Daga tsakar gidana ina rarrabe keke mai ƙafa uku da ya ɗauko kaya daga kasuwa da wanda ya dawo wayam. Ranar kasuwar shanu kuwa ba sai an faɗa mini ba, nishin manyan motoci a titi ya ishe ni.

Abin da kunnena ya fi sani shi ne kududdufin bayan gidanmu. Bangon ɗakina shi ne na ƙarshe kafin gangare, kuma duk ruwan saman unguwarmu ta lungun nan yake bi ya zuba a ciki. Ɗakin na ƙasa ne. Marigayi maigidana ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ni, da lakar da ya haƙo daga kududdufin. A ciki na haifi 'ya'yana duka, a ciki na yi masa takaba. Babban ɗana ya mai da sauran gidan na bulo, amma ɗakina na ce a bar mini shi yadda yake. Da tsananin zafi, mutanen ɗakin bulo ne suke zuwa neman sanyi wurina.

A da, idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, mazan unguwa sukan sauka da diga da shebur da kwanduna, wasu da jakuna. Su haƙi laka, a kwaɓa da ciyawa, kowa ya yaɓe katangarsa kafin ruwan farko. Mu mata mu dama kunun tsamiya mu aika musu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan aiki yashe kududdufi, kowa gidansa yake gyarawa. Maigidana ne kawai yakan ce, yana wanke laka a ƙafa, “Ramin nan ciki gare shi. Duk damina sai ya haɗiye yashin unguwa. In ba a rage masa ba, baɗi ina zai sa ruwa?”

Da bulo ya yawaita, masu haƙa suka ragu, wurin ya fara zama juji. Duk da haka ba a rasa mutum goma ko ashirin da suke sauka duk shekara ba. Sai ga ɗan wata aminiyata, Allah ya jiƙanta, wanda ya yi arziki a harkar manyan motoci. Yaron da na goya a bayana ne, amma yanzu kowa Alhaji yake ce masa, ni ma a gaban mutane haka nake cewa. Ya bi hanyar hukuma ya samu izini, ya kewaye kududdufin da katanga, ya ce wurin shaƙatawa zai yi.

Gaskiya ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Aka kwashe shara, wari ya tafi. Aka dasa dogon yaro da furanni, aka zuba kujerun siminti da rumfuna a bakin ruwa. Ya haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, don kada ruwa ya ja baya ko da bazara. Ya zuba tarwaɗa, ya kawo jiragen ruwa biyu irin waɗanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Ban ga ko ɗaya da idona ba a lokacin, amma duk na san su. Na san lilo uku ne, don kowanne da kukansa, ɗaya yana ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Na san akwai ɗawisu, don kukansa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na san mai tsire ya fi mai gasa kifi ciniki, hayaƙinsa ya fi daɗewa. Ranar Lahadi amare da ƙawayensu suna zuwa ɗaukar hoto, ina jin mai hoto yana ta cewa a matso, a yi murmushi. Da Sallah kuwa har daga Damagum ake cika mota. Na ji daɗi. Bayan ɗakina da ya saba da kukan kwaɗi ya koma dariyar mutane.

Alhaji bai manta da ruwan sama ba. Ya bar manyan kafofi a gindin katangarsa, daidai bakin lungunmu, ruwa yana wucewa ba tangarɗa. Shi ya sa damina ta farko ban damu ba.

A damina ta biyu ne kunnena ya tsaya. Duk macen da ta taɓa cika randa ta san abin da nake nufi. Tulun farko in ka juye, kukan ruwa daga ƙasa yake fitowa, mai kauri. In ta kusa cika, sai kukan ya sirance ya hau sama, ko a duhu za ka san lokacin tsayawa ya yi. Shekara da shekaru kududdufin nan kukan tulun farko yake yi mini in ruwan lungu ya faɗa cikinsa. Wannan shekara sai na ji ya sirance. A ta uku kuwa, wata ranar Juma'a da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ban ma ji faɗuwarsa ba. Ruwan lungu ya je ya tarar da ɗan'uwansa a bakin kafa, ya tsaya, ya juyo baya. Ya kwana biyu kwance a gindin bangona. Da ya janye, danshi ya hau bangon ta ciki har tsayin gwiwa, yaɓen waje ya zube kamar ɓawon rogo.

Na nuna wa babban ɗana. Ya shafa bangon ya ce, “Inna, ɗakin nan tsufa kawai ya yi. Ki bari in rushe shi in yi miki na bulo, har da tayil.”

Na ce, “Kai ma ga furfura nan a gemunka. In rushe ka?”

Ya yi dariya ya fita. Ni kuwa na san in aka ƙara damina ɗaya haka, ba sai ya kawo masu rushewa ba.

Maƙwabciyata Hajja, Babarbariya mai sai da turaren wuta, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta kan katangar muke hira shekara talatin. Da damina ta wuce na ce mata ta shirya ta raka ni wurin Alhaji.

Ta ce, “Ke? Ke da ƙofar gida ma sai an yi miki rakiya? Ke za ki koya wa injiniya aiki?”

“Ba injiniya zan koya wa ba, ɗan da na goya zan yi wa magana.”

“To bari in sa lafaya mai kyau. In za a kore mu, a kore mu da kwalliya.”

Muka zagaya ta titi da safe, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba, amma ni shekara uku ban yi ta ba. Na riƙe doguwar gorar da muke kakkaɓe yanar gizo-gizo da ita, Hajja tana ta tambayata ko ɗawisu zan kora. Da muka shiga sai da na tsaya. Wurin ya fi yadda kunnena ya zana mini kyau. Ruwa kwance shar, inuwa ko'ina, jirage biyu ɗaure a gefe, ja da shuɗi.

Alhaji yana ƙarƙashin wata rumfa. Yana ganina ya taso ya durƙusa.

“Inna, ke ce da kanki? Ai da kin aiko na zo.”

“Na aika sau biyu, aka ce kana kan hanya. Na ga hanyar ba ta ƙarewa, na ce bari in tare ka.”

Hajja ta gaishe shi da Barbarci ta ce, “Wushe, Alhaji. Ni 'yar rakiya ce, in da lemo mai sanyi a ba ni nawa tun kafin faɗa ya tashi.”

Aka kawo lemo. Na faɗa masa abin da ya sami bangona, na ce kududdufinsa ya cika da yashi. Ya saurare ni da ladabi, irin sauraron da ake yi wa tsohuwa in an riga an yanke ba za a bi maganarta ba.

“Inna, kin shiga kin gani ne?”

“Na ji dai. Ka taɓa cika randa?”

“Ina yaro, sau nawa ma.”

“To ramin nan kukan randar da ta kusa cika yake yi.”

Ya yi murmushi. “Inna, ai gani ya kori ji. Injiniya ya auna zurfinsa, takarda tana ofis.”

“Yaushe ya auna?”

“Kafin a fara aiki.”

“Damina uku ke nan. A cikinsu wa ya ɗebi laka ko kwando ɗaya? Ka rufe ƙofa, ka kuma hana ruwa ja baya. Tunda gani kake so, tashi mu je mu gani.”

Ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba, na kama hannunsa na taka cikin jan jirgin nan ina bisimilla. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya hau tuƙi da ƙafa, yana haki. Hajja tana bakin ruwa tana ɗaga murya, “Alhaji, a hankali! In ta faɗa ni ba na iya iyo, sai dai in yi mata turare!” Na nuna masa tsakiya, daidai inda tsamiyar gidan liman take fuskanta. Nan ne maigidana yake cewa ko dogon mutum ya tsaya ya ɗaga hannu ba za a ga yatsunsa ba.

Na miƙa masa gorar. Ya zura ta da ƙarfi, irin na wanda yake jiran ta tafi, sai ta tsaya cak har ta girgiza masa kafaɗa. Ya matsa gaba ya sake, haka. Da ya zaro ta, jiƙonta bai wuce ƙugunsa ba, bakinta baƙi ƙirin da laka, da tsohuwar leda maƙale.

Ya shafa lakar da yatsa. Sannan ya ce, “Masu kula da jiragen sun ce mini ƙasa tana gogawa. Wallahi Inna, na ɗauka ƙibar fasinja ce.”

Na ce, “To yau ga ni, ko buhun gero ban kai ba.”

A kan ruwan muka gama maganar. Shi ya ce zai kawo katafila. Na ce ta ina za ta shiga, ta kan furanninsa ko ta kan kujerun? Na ce ya kashe famfonsa ruwa ya ja baya, ya buɗe wa unguwa ƙofa. Masu katangar ƙasa suna nan, shekara uku suna sayen laka daga bayan gari. Manoma ma baƙar ƙasar nan taki ce a wurinsu. Ya ce in ya rufe wurin masu zuwa fa? Na ce, “Ka bari sai an gama ƙaramar Sallah. Aljihun kowa ya bushe a lokacin, sai kududdufi ya taya su.”

Haka aka yi. Bayan Sallah da mako guda na ji famfo ya yi shiru. Aka kwashe tarwaɗa aka zuba a tankuna. Zafin bazara ya yi nasa aikin, ruwa ya tattare a tsakiya. Mai unguwa ya sa aka yi sanarwa a masallaci, ranar Asabar da hantsi sai na ji abin da na daɗe ban ji ba: diga tana cin ƙasa, maza suna yi wa juna tsiya a kan wanda kwandonsa bai cika ba. Mutanen ƙauyen Danchuwa suka zo da amalanken shanu suna lodin baƙar ƙasa. Mako biyu ana yi. Ni da Hajja muka dama kunun tsamiya a babbar tukunya, ita tana cewa na cika tsami, ni ina cewa ta cika sukari. Babban ɗana, mai son tayil, shi ma ya tuɓe riga ya sauka, don na ce masa in bai kawo laka ba ni zan je in ɗebo a gaban abokansa. Shi ya yaɓe mini bangon da hannunsa, tun daga gindi har sama, ya ƙara masa dakali a ƙasa. Sawun yatsunsa suna nan kusa da inda na ubansa suke a da.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo wata ranar Talata bayan azahar. Na kwashe shanya, na shiga ɗaki, na zauna a bakin gado na jingina kunne da bango. Na ji lungu ya cika, na ji ruwa ya taho da gudu ya wuce bayan ɗakina, ya shiga kafofin katanga. Sai ya faɗi. Kuka mai kauri, daga can ƙasa, irin na tulun farko.

Da aka ɗauke, Hajja ta leƙo ta kan katanga, kanta rufe da faranti.

“Ke mai kunne! Yaya randarki?”

Na shafa gindin bango, a bushe yake ƙamas. Na ce, “Da saura, Hajja. Ko rabi ba ta yi ba.”