Ƙaramar Marar Kakata

Jiya baƙi suka faɗo mana ana kwashe tuwo, sai na tuna kakata. A shekarun tamanin, gidanmu na Ruwan Bago ya fi kasuwa cika. Marar kwasar tuwo biyu gare ta. In baƙi sun zo sai ta ɗauko ƙaramar, kowa ya samu malmala biyunsa, baƙo bai san ya rage mana ba.

Ranar da surukai suka zo, na ɗaga tawa na ce, "Amarya, wannan tuwo ne ko ƙwan zabo?"

Ta murɗe mini kunne, hannunta na ƙamshin daddawa. "Maigida, rufa mini asiri." Ta turo mini nata, ni kuwa na share kwanon tas.

Allah ya ƙosar da ita a Aljanna, don a nan ban taɓa ganin ta ƙoshi ba.