Ja a Gemun Kaka

Jiya a kasuwar Koona na ga wani tsoho ya tofar da jan goro, sai na tuna da Kaka.

Kakana bai rabuwa da goro. Da bugun zuciya ya kwantar da shi, aka ɗora shi kan maganin tsinka jini, ashe dama jininshi bai saurin daskarewa. Ran nan na ga ja a gemunshi, na ce, "Ƙazamin miji, goge bakinka!"

Ya murmusa. "Amaryata ƴar lakwal, ƴar boko, ai tun shekaranjiya rabona da goro."

Dariya na yi, wallahi, dariya. Ashe jini ne. Amalanke bai kai shi likita da rai ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kaka. Ka yafe mini dariyar nan.