Jarka da Agogon Malam Isiyaku

Shekara ashirin da uku, duk wanda ya fito daga sallar asuba a Nariya ya san inda zai tarar da Malam Isiyaku: gindin tankin ruwan gari, da jarka mai lita ashirin da biyar da tsohon agogonsa mai tsagaggen gilashi. Zai kunna injin burtsatse, ya tara jarka, ya ƙura wa agogo ido.

"Sakan hamsin," in ji shi. "Lita talatin ke nan a minti, jarka saba'in da biyu a awa. Rijiya ta kwana lafiya."

Mu kuwa sai dariya, muna ce masa Malam Jarka. Allah Ya yafe mana! Hatta allurar nan ta matsin ruwa da ke jikin bututu shi ya fassara mana ita, cewa in ta hau ɗaya, ruwan zai iya hawa mita goma, kusan tsayin giginyar bakin kasuwa.

Ba mu san darajarsa ba sai shekarar da 'yan garinmu mazauna Kano suka kawo sabon inji kyauta. Ranar kowa baki har kunne. Malam ya duƙa ya karanta jikinsa, ya miƙe ya ce ba za a saka ba.

Mato, shugaban kwamitin ruwa, ya fusata. "Haba Malam! Biyar fa aka rubuta. Biyar ɗin me za ta yi wa rijiya?"

"Alhaji, biyar ɗin nan lita dubu biyar ke nan a awa, jarka ɗari biyu. Rijiyarmu saba'in da biyu take bayarwa. Zai zuƙe ta, ya jawo yashi, mu rasa ita da shi."

An ce hassada ce. Hajiya Uwa mai ƙosai ta shaida mini wata guda cur wasu ba sa amsa masa sallama. Bai janye ba, har aka kai injin wani ƙauye ta wajen Rano. Kafin damina ta faɗi, matan can sun koma rafi da tulu.

Malam, kai ne ka yarda a ƙi ka don kada mu sha ƙishi. Wallahi ina jin kunyar dariyar nan har yau.

Bana ido ya gaza, ya ajiye aiki. Mun gode, Malam, Allah Ya shayar da kai daga Alkausara. Ku da aka ba amanar jama'a, ku auna kafin ku ce to.

Jiya na same shi a gindin tankin, agogon yana aljihu. Wata mata ta tara jarka, ya karkata kunne har ta cika.

"Hamsin," ya ce, yana murmushi. "Rijiya tana nan."