An ce Bashar ya zo ko da rarrafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina sa takalmi zan fita da safen nan, Madam Rifkatu ta ofishinmu ta kira ni tana kuka. Bashar ya rasu. Tirela ce ta bi ta kansu, shi da mai kabu-kabun da ya ɗauko shi daga Argungu. Mai mashin yana asibiti. Shi ko Bashar, nan take.



Ga wanda bai san shi ba, tare muke aiki a wani kamfanin taki da irin shinkafa nan Birnin Kebbi. A Argungu yake zaune saboda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, kullum ya zo ya koma cikin tsohuwar motarsa da muke yi wa tsiya.

Amma ba wanda motar nan ba ta yi wa rana ba. Ranar da naƙuda ta kama matata ina can Gulma wurin manoma, Bashar ne ya bar abincinsa ya tafi gidana a Gesse ya kai ta asibiti. Ko ranar suna bai yarda na yi masa godiya ba. In ya zo da busasshen kifi kuwa, har mai gadi sai ya samu.

Makon jiya giyar motar ta lalace. Bakanike ya ce sai an kawo kayan daga Sakkwato. Bashar ya koma motar haya, ita kuma ba ta tashi sai ta cika, sai ya fara makara.

A gabana ya roƙi manaja ya bar shi ya riƙa aiki daga shagonmu na Argungu kafin a gyara. Aikinsa duk waya ne da manoma, yawancinsu ma can suke kusa da shi. Ba hutu ya nema ba.

Manaja ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce: "Motarka ba matsalata ba ce. Ko da rarrafe ne ka zo. Ka sake makara, ka bar mini makullin ofis."

Mutumin nan, AC ɗin motarsa kawai ya lalace kwanaki, ya zauna gida yana ba mu umarni ta WhatsApp.

Jiya da muka tashi na ce wa Bashar ya kwana wurina. Ya ce: "To wa za ya ba Inna maganinta? Bari dai, gobe mashin za ni hawa, in riga manaja isowa." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu manaja ya sa hotonsa a group ɗinmu na WhatsApp, wai mun yi rashin jajirtaccen ma'aikaci. Na san kana karanta wannan, Oga. Cire hoton. Ba ka cancanci ambaton sunansa ba.

Kada wani ya zo yana koya mini ƙaddara, na yi imani da ita. Amma ajali yana da sanadi, kuma ni da kunnena na ji sanadin. Zan faɗa wa masu kamfanin, zan faɗa wa 'yan'uwansa in sun tambaye ni, ko da aikina zai tafi. Kai kuma Oga, in ka miƙo mini hannu wurin jana'iza, zai tsaya a iska.

Allah Ya isa tsakaninka da tsohuwar nan da za ta jira ɗanta yau. Allah Ya nuna maka ranar da za ka roƙi sassauci a hana ka.

Kai kuma Bashar, Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna da Hadiza matarka haƙuri, Ya raya yaranka.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da mai mashin, shi ma yana da iyali.