Hoton Saniyar Baffa

Kyamarar nan tawa ta fi ni son mutane. Irin marar madubin nan ce a ciki, matsakaiciya, ba ta manyan masu sana'a ba, ba kuma ta wasan yara ba. Na saye ta ta hannu a Kano, na fara bin taron suna da walima a Dutse ranakun da babu ofis. Ba ta da nauyi, sai in wuni da ita a wuya. Ba ta yin ƙara in an danna, har tsofaffi kan sandare suna jira alhali na daɗe da gamawa. Abin da aka fi yabonta da shi kuwa, ita da kanta take neman ido. Da ka ɗaga ta, wani ɗan koren akwati zai yi tsalle ya cafke idon mutum ko a cikin cunkoso ne. Sai dai cin batir kamar an aiko ta, kuma in ya mutu ko leƙawa ba ka iya yi, duhu kawai za ka gani.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya rage a rugarmu ta bayan Kiyawa. Mu duk mun watse, wannan malamin makaranta, wancan mai shago, ni a ofis. Gonaki suka cinye burtali, gwiwoyinsa suka gaji, shanu suka yi ta raguwa har saura guda. Fara ce, tsatson saniyar da kakanmu ya ba shi ranar sunansa, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi tata, har aka zo kanta. Da ya ga babu mai kiwo, sai ya yarda a kai ta kasuwa.

Ya kira ni a waya, mutumin da in ban da na katin ɗan ƙasa bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba.

"Ka zo da abin nan naka," ya ce. "Ba ni za ka ɗauka ba. Ita."

Ranar ina da walimar sauka da safe. An ce za a tashi da hantsi, aka kai azahar, kowace uwa sai an ɗauke ta da ɗanta, sannan da ƙawayenta, sannan a sake don ta ƙifta ido. Na hau babur a gajiye, ƙafafuna na zugi, batir na nuna ja. Ɗayan batirin kuwa zafi ya kumbura shi tun tuni, ina ta cewa zan sayi wani.

Na tarar motar dillali ta iso, direba na ta danna oda. Baffa ya wanke saniyar fes. Ba ta tsayawa sai yana riƙe da ita, don haka ya tsaya ɗan gabanta da igiya a hannu, ya juya mata kai yadda yake so ƙahonta ya fito. Na kafa ido a 'yar tagar leƙawa ta kyamarar, gumi na shigar mini ido, na ga koren akwati ya kama wani abu, na danna, na sake dannawa. Ina shirin gyara tsayuwa sai kyamarar ta ɗauke ɗif.

"Ka ɗauka?" in ji Baffa, don bai ji komai ba.

"Na ɗauka, Baffa."

Ya miƙa wa dillali igiyar, ya shige bukka bai tsaya ganin lodi ba.

Sai da na koma gida na yi caji na ga abin da ta yi. Tana nan yadda na saita ta tun a walima, ta fito da fuska ta narkar da abin da ke baya, saboda irin haka mata suke so. Ta yi aikinta kuwa, ba ta rage komai ba. Ga Baffa tar, ana ƙirga gashin gemunsa, ga ruwa kwance a idonsa. Saniyar kuwa wani farin hazo ce a bayansa, kamar nonon da ya zube a tabarma. Na ji haushin kyamarar, na ji na kaina, na ji na matan walima, duk a banza. Na yi ta jan hoton a kwamfuta ko saniyar za ta fito, har idona ya yi ciwo. Na nemi dillalin, ya ce a ranar aka yi kudu da saniyar.

Na yi ta noƙewa. Duk sanda muka yi waya, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ba a wanke ba har yanzu?" Da na gaji da ƙaryar mai wankin hoto ya yi tafiya, na sa aka wanke babba na kai masa.

Ya riƙe shi nesa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Ina take?"

"Ga ta nan a bayanka, Baffa."

Ya sa babban yatsa yana goge farin, a hankali, kamar wani abu ne ya rufe ta.

"Tana da baƙin tabo a nan," ya ce, ya taɓa ƙasan idonsa na hagu. "Uwarta ma haka. Ka san shi?"

Ban san shi ba, kuma ban iya cewa na sani ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya mayar da hoton cikin leda, ya lanƙwasa bakinta da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan naku ne, ɗana. Ku adana, wata rana za ku nema. Ni dai nawa ban samu ba."